Ɗakin Badujala

Da abu biyu aka san sakandaren gwamnati ta bayan tashar mota: ƙwallo da badujala. A ofishin shugaban makarantar kofuna ne jere cikin kabad ɗin gilashi, wasu har sun yi baƙi don tsufa. Ranar wasa kuwa, tun daga bakin titi ake jiyo ganga da ƙaho daga bayan raga, inda 'yan badujala ke tsayawa cikin jajayen riguna masu maɓallan ƙarfe. 'Yan wasan wasu makarantu kan ce ba 'yan ƙwallon ke karya musu gwiwa ba, babbar gangar nan ce da ke hana gola jin abin da abokansa ke faɗa masa.

Mai koyar da badujalar kuwa, yara suka sa masa suna Malam Begila, sunan ya bi shi har gida. A makarantar ya yi karatu, a nan ya koyi busa, ya je kwaleji ya dawo, ya karɓi ɗakin badujala daga hannun malaminsa. Ɗakin yana gefen fili, shi ne ginin farko da aka yi a makarantar, a cikinsa ɗaliban farko suka zauna kafin a gina azuzuwa. Ƙofarsa sai an ɗaga ta da ƙafa take buɗewa. A ciki ƙahoni ne rataye a ƙusoshi, gangunan a kan katako saboda damshi, ko'ina ƙamshin man goge tagulla.

Kocin makarantar ƙanin matarsa ne. A gidan mijin yayar tasa ya tashi, kuma da ciwon gwiwa ya raba shi da kulob ɗin da yake buga wa, Malam Begila ne ya yi ta zarya har aka ɗauke shi aiki. Ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"Mijin Yaya, yau ma za ku zo ku cika mana kunne?"

"In ba mu cika muku kunne ba ai sai ku ji zagin da 'yan kallo ke yi muku. Rufa muku asiri muke yi."

A shekarar da makarantar za ta cika hamsin, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ce za ta yi bikin da ba a taɓa gani ba. Shugabanta tsohon ɗan wasan gaba ne da ake kira Harsashi, wanda ya ci ƙwallon da ta kawo wa makarantar kofinta na farko. Yanzu ɗan kwangila ne, ya yi tumbi, kowa Ciyaman yake ce masa. Ya ce zai gina wa filin rumfar 'yan kallo mai kujeru da ɗakin sauya kaya a ƙasanta.

Malam Begila ya yi murna kamar kowa. Ya ƙara wa yaransa atisaye, ya tono tsofaffin kiɗe-kiɗen da malaminsa ya bari don a busa su ranar. Autarsa, wadda ke ajin ƙarshe, ita ke riƙe da ƙahon farko. Matarsa ta kwashe jajayen rigunan ta kai gida, ta yi ta ɗinke hammata da mayar da maɓallai har yatsunta suka yi kanta.

Wata safiyar Litinin ya zo ya tarar an ja jan fenti a jikin bangon ɗakin, an kafa turaku da igiya ta zagaye shi. Bai ko ajiye jakarsa ba ya nufi ofis.

"Ranka ya daɗe, me ya faru da ɗakina?"

Shugaban makarantar sabo ne, bai cika shekara biyu a wurin ba. Ya cire tabarau ya ce, "Au, ba a gaya maka ba? Nan rumfar za ta zauna. Injiniya ya ce can ne rana ba ta dukan fuskar manyan baƙi."

"To mu fa?"

"Za a samo muku wuri. Kafin nan a sa kayan a sito."

"Siton da ruwa ke kwana a ciki?"

"Malam, kwamiti ne ya zauna. Har da surukinka ma a ciki, shi ya zaga da injiniyan."

Ya fito ya sami Koci a fili yana jera wa yara robobin atisaye. Da Koci ya hango shi sai ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Kai ka nuna musu wurin?"

"Mijin Yaya, wallahi ba ni na zaɓa ba. Tambayata aka yi ko wurin zai yi, na ce zai yi."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Kana zuwa gidana kana cin abinci, kana kallon yayarka tana ɗinkin rigunan nan, bakinka bai buɗe ba?"

Koci ya miƙe. "To me zan ce? Yarana a bayan bishiya suke sauya wando, 'yan mata na wucewa. Shekara nawa ina roƙon ɗaki? Mutum ya zo zai yi, sai in ce a'a saboda ganga?"

Malam Begila ya dube shi, ya gyaɗa kai, ya juya.

Da hannunsu shi da yaran suka kwashe kayan zuwa sito, suka ɗora a kan karyayyun bencina, suka lulluɓe da leda. Ranar da motar rusau ta zo, yana cikin aji na kusa yana sa ido a kan jarrabawa. Bai leƙa ba. Ya dai ji lokacin da kwanon rufin ya faɗi, ya ga ƙura ta shigo ta taga ta sauka a kan takardun yara.

Duk da haka bai fasa atisaye ba. A ƙarƙashin bishiyar bayan ɗakin gwaje-gwaje suka koma yi, malamin kimiyya yana fitowa yana cewa sun hana shi koyarwa. Ruwa ya yi wa fatar ganguna biyu illa, ƙahoni suka fara tsatsa a maɓallai, amma yaran suka iya kiɗe-kiɗen duka. Ya ce musu, "Ranar nan tsofaffin ɗalibai za su cika filin. Da yawansu sun taɓa riƙe abin da kuke riƙe. Ku busa su tuna."

Ranar biki rumfar ta sha fenti, sunan Ciyaman a goshinta da manyan haruffa. An girke lasifiku jibga-jibga a gefe da gefe, wani saurayi mai tabarau yana zaune a bayan na'ura. 'Yan badujala suka jeru a bayan raga tun da hantsi, cikin rigunan da aka goge. Rana ta taso ta tsaya musu a ka.

Aka yi jawabai. Ciyaman ya ba da tarihin makarantar, wanda a bakinsa duk tarihin ƙwallo ne: shekarar da aka ci kofi, shekarar da alƙalin wasa ya yi musu coge, golan da ya kama fenareti da karyayyen yatsa. Ya ba da labarin ƙwallonsa har da tashi ya nuna yadda ya juya, mutane suka yi ta tafi. Bai ce uffan a kan ɗakin da rumfar ke zaune a kansa ba.

Da aka zo taken makaranta, Malam Begila ya ɗaga sandarsa, Auta ta kai ƙaho baki. Sai ga shugaban makarantar ya taho da sauri, babbar rigarsa tana jan ƙasa.

"Malam, dakata. Ciyaman ya ce a sa na faifai. An gyara shi a situdiyo, ya fi fita."

"Wane faifai?"

Kafin ya amsa lasifikun suka ɗauka. Malam Begila ya gane shi tun daga bugun farko. Badujalarsa ce, wadda aka naɗa shekarun baya lokacin da wani gidan rediyo ya zo. An ƙara mata wani kiɗan na'ura a ƙasa. Jama'a suka miƙe suna rerawa, wasu tsofaffi har da hawaye. Yaransa suna tsaye da kayan busa a hannu suna sauraron waɗanda suka riga su. Wani ƙaramin mai ganga ya fara bi a hankali, Malam Begila ya girgiza masa kai.

Aka buga wasa tsakanin 'yan makaranta da tsofaffin ɗalibai. Duk ƙwallon da ta shiga, saurayin na'ura ne ke sakin kiɗa. A hutun rabin lokaci wata yarinya mai sarewa ta yanke jiki ta faɗi saboda rana, aka ɗauke ta zuwa inuwa. Ba wanda ya aiko musu ko da ruwa, sai matar Malam Begila ce ta je ta ɗebo a famfo.

Can wajen rufewa aka kira Malam Begila a lasifika. Ya ratsa filin ya hau rumfar. Ciyaman ya rungume shi ya ce wa jama'a, "Wannan ajinmu ɗaya! Mu muna cin ƙwallo, shi yana hura mana iska!" Aka yi dariya. Ya miƙa masa allon yabo na katako, masu hoto suka ɗauka. Da ya sauko ya duba, an rubuta: don gudummawarsa ga harkar wasanni.

A gida Auta ta cire jar rigar ta jefar a tsakar gida, ta shige ɗaki. Uwarta ta ɗauka ta kakkaɓe.

"Malam, ka yi magana mana. Tun da muka dawo ba ka ce komai ba."

"Me zan ce? Taken dai ya fita da kyau. Ni na koya musu shi."

Wurin da aka ce za a samo musu bai samu ba. Da aka dawo hutu, sabon jadawali ya fito babu kiɗa a ciki, aka ba Malam Begila darasin zaman jama'a a ƙananan azuzuwa. Damina ta gama da abin da ya rage a sito. Wata rana yana dawowa daga aiki ya ga kurar masu sayen tsofaffin ƙarafa ta fito daga ƙofar makaranta, bakin babban ƙaho ya leƙo daga cikin karyayyun kujeru. Ya tsayar da mai kurar, ya taɓa ƙahon, ya ga lotsawar da shi da kansa ya yi masa yana ɗalibi. Mai kurar ya ce, "Baba, saya za ka yi?" Ya ce a'a, ya matsa masa ya wuce.

A kakar wasan nan aka fitar da makarantar tun zagayen farko. Ciyaman ya ce rumfa irin wannan ba ta dace da kocin da bai da takardar horarwa ba, ya kawo nasa daga wani kulob. Aka bar wa Koci riƙon makullin ɗakin sauya kaya da wankin jesi.

Ranar da ya ji labarin, da yamma ya zo gidan Malam Begila, karo na farko tun rusau. Ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Auta tana wanke-wanke.

"Auta, ba gaisuwa?"

"Ina wuni, Kawu," ta ce, ba ta ɗago ba. Ta kwashi kwanukan ta shige kicin.

Malam Begila ya tura masa kujera da ƙafa. Koci ya zauna, ya faɗi abin da ya faru, yana murza hularsa a hannu.

"Ko kirana ba su yi ba, mijin Yaya. A bakin yara na ji. Duk kofunan da na ciwo musu."

"Haka suke yi."

"Na san ka ji haushina."

"Na ji."

Koci ya ajiye hular a kan gwiwarsa. Yayarsa ta fito da abinci ta ajiye a tsakaninsu, ta ce wa ƙanin nata, "Sai ka ci, tunda ka tuna hanya." Suka ci. Da Koci ya tashi tafiya ya ce, "Asabar akwai wasan sada zumunci. Ko za ka zo mu zauna tare? Ni ma yanzu ɗan kallo ne."

"Ina da takardun yara da zan duba," in ji Malam Begila.

Ya raka shi bakin ƙofa, ya dawo ya jawo jakarsa, ya fito da jan biro.