Rigar Malam Ari a Tafasasshen Ruwa

Malam Ari bai taɓa wanke ko hankici da hannunsa ba. Shekara talatin matarsa Batulu na yi masa wanki, da ta rasu 'yarsu Yusra ta karɓa. Amma da safiyar nan ga shi tsugune a bayan ɗakinsa a unguwar Bukan Sidi, ya tasa baho a gaba.

Tari ne ya sarƙe shi yana gama sa kaya, jini ya fantsama a ƙirjin farar rigarsa. Rigar kuwa Yusra ce ta goge ta jiya, ta ce da ita zai raka ta tasha. Shekara uku tana neman aikin nas, sai yanzu wani asibiti a Kaduna ya ɗauke ta, kuma yau za ta tafi. Ya san halin 'yarsa sarai. In ta ga jinin nan, ko da bulala ba za ta shiga mota ba.

Sai ya tuna yadda Batulu ke fitar da manja daga zane da ruwan zafi da omo. To, jini ya fi manja taurin kai ne? Ya ɗauko ruwan da Yusra ta tafasa don shayi ya juye kan rigar, ya zuba omo har ya yi tudu, ya hau cuɗa, yatsunsa na ƙuna.

Jan ya koma ruwan ƙasa, ya zauna daram. Bawan Allah bai san ya dafa jinin a cikin zaren ba.

"Baba, ina ruwan shayin?" Yusra ta kira daga kicin.

"Ina zuwa!"

A ƙofar gida Terver, mai keken da zai kai su tasha, ya danna hon. "Anti Yusra, lokaci yana tafiya o! Mota ba zai jira ba."

Malam Ari ya ji takunta na matsowa. Ya danna rigar ƙarƙashin kumfa, tsoro ya kama shi kamar yaron da ya fasa tulu.

Ta tsaya a kansa, jaka a kafaɗa. "Baba, wanki? Kai?"

"Manja ne ya zubo mini."

Ta durƙusa ta zaro rigar, ta ɗaga ta sama ta daɗe tana dubawa.

"Da manja ne, da tuni ya fita. Jini ne, Baba. Jini da ruwan sanyi ake wanke shi, zafi kama shi yake yi." Ta juyo ta dube shi. "Daga ina?"

"Haɓo ne kawai. Tafi kada motar ta cika."

Bai rufe baki ba tarin ya taso. Ya danne, ya danne, har idonsa ya kawo ruwa, amma sai da ya fito. Ta kama hannun da ya tare bakinsa da shi ta buɗe tafin.

"Tun yaushe?"

"Tun azumi," ya ce, kansa a ƙasa. "Don Allah, Yusra. Shekara uku kina jira."

Ta miƙe ta leƙa waje.

"Terver, ba tasha za mu je ba. Asibiti za ka kai mu."

Ta mayar da jakarta ɗaki, ta fito masa da wata riga.