Kwamfutar da ke Bayan Talabijin

Malam Ndaman da Gabriel sun yi aiki tare a tashar jirgin ƙasa ta Minna tun suna samari, kuma ritaya ba ta raba su ba. Ndaman Banufe ne, iyayensa daga Bida suka zo. Gabriel kuwa Bagwari ne, kakanninsa a nan suka yi noma tun garin bai zama gari ba. Gidajensu na kallon juna a Ketaren Gwari. Kullum bayan la'asar sai ka same su a gindin mangwaro suna buga dara, suna musu a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Gabriel. 'Yarsa Esta, wadda ke aikin jinya a Fatakwal, ta zo ta tafi da shi don ta kula da shi a gabanta.

An gwada haɗa su a waya, abin bai yiwu ba. Kunnen Ndaman ya yi nauyi da tsufa, harshen Gabriel kuma ciwo ya karya shi. Ko an kunna hoto, idon Ndaman ba ya iya tsinto fuska a ɗan gilashin waya.

"Kamar daga cikin rijiya yake magana," in ji Ndaman, ya miƙa wa 'yarsa Muniratu wayar. Daga ranar ya rage fita, abinci ma sai an matsa masa.

Muniratu malamar makaranta ce, ita ke zaune da mahaifin nata tun rasuwar mahaifiyarsu. Wata Asabar ta je shagon wani mai sayar da kwamfuta, Jamil, kusa da Kasuwar Kure, ta yi masa bayanin damuwarta. Ya ɗauko wata 'yar baƙar kwamfuta da ba ta fi kwalin sukari ba.

"Hajiya, in dai don tsoho ya ga fuska ne, wannan ta fi ta ɗorawa a cinya. Ki jona ta da talabijin ɗinku, fuska ta fito ƙatuwa. Ba ta ƙara, ba ta cin wuta, ba ta tare wuri. Amma in gaya miki gaskiya, ba ta da batir, ba ta da allo nata na kanta, ba ta da kyamara. Komai sai an jona mata. Da an ɗauke wuta, ita ma ta tafi."

Muniratu ta saya, har da kyamara. Jamil ya zo gida ya maƙala ta a bayan talabijin, ko ganinta ba a yi.

Ranar farko da fuskar Gabriel ta cika talabijin, Ndaman ya miƙe tsaye bai sani ba. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Kai, Gabriel! Haka ka rame?"

Bakin Gabriel ya motsa a karkace. Ndaman ya zuba wa leɓɓansa ido, sai ga shi ya gane.

"Ya ce wai ni ne na tsufa!" Ya juyo yana dariya, hawaye na bin gemunsa. "Muniratu, kin ji ɗan banza?"

Ashe abin da kunne ya kasa, ido ya iya, muddin fuskar ta yi girma. Suka koma dararsu. Kowa da allonsa a gabansa, Gabriel ya nuna inda zai matsa, Ndaman ya matsar masa a nasa allon. Wani lokaci ana tsakiyar wasa wuta ta ɗauke, talabijin ya yi baƙi ƙirin. Ndaman ya zauna yana jira, in ba ta dawo ba ya bar 'ya'yan darar yadda suke sai gobe. Da aka dawo sai musu ya tashi, Gabriel ya rantse an taɓa masa wasa. Haka suka ci damina guda, suka shiga rani.

A tsakiyar zafin bazara taransifomar unguwar ta ƙone, aka kwana biyu babu wuta. Wata Talata da hantsi Esta ta kira Muniratu tana makaranta.

"Anti, jikin Baba ya rikice. Tun jiya bai san inda yake ba, amma yanzu ya farka, sunan Baba Ndaman kawai yake kira. Don Allah ki haɗa su."

Muniratu ta nemi izini ta taho gida a guje. Ta kara wa mahaifinta waya a kunne. Ya saurara, ya saurara, ya girgiza kai.

"Numfashi kawai nake ji. Ki kunna mini in gan shi."

Babu abin kunnawa. Maƙwabcin da ke da janareta ya kulle gida ya tafi aiki. Sai ta tuna ƙanenta Zikrullahi yana da wutar sola, mai aiki da hasken rana, a gidansa na Tudun Fulani. Ta ciro kwamfutar daga bayan talabijin ta jefa a jakar hannunta tare da kyamarar, ta kama hannun tsohon suka tari Keke. A hanya carbinsa kawai yake ja.

Da suka isa, matar Zikrullahi ta buɗe musu falo, ga wuta, ga fanka na juyawa. Muniratu ta durƙusa a bayan talabijin ɗinsu za ta jona kwamfutar, sai ta ga babu hali. Igiyar da ke haɗa kwamfutar da talabijin ta baro ta a gida, a jikin talabijin ɗin mahaifinta. Aka birkice gidan ba a sami irinta ba. Ta kira Jamil, ya ce ga shi nan a kan mashin.

Ndaman na zaune a bakin kujera, hularsa a gwiwa. Aka kawo masa ruwa bai sha ba. Jifa-jifa yakan ce, "Bai iso ba?"

Jamil ya iso gumi sharkaf, ya jona komai cikin hanzari. Hoto ya fito. Fuskar Esta ce ta fara bayyana, idanunta jawur.

"Baba, ya jira ku. Yanzu-yanzu ya koma barci."

"Juya mini shi, 'yata."

Ta juya. Ga Gabriel a kan matashi, ido a rufe, baki a ɗan buɗe, ƙirjinsa na ɗagawa a hankali. Ndaman ya ja kujerarsa gaban talabijin. Ya yi masa sallama kamar yadda ya saba, ya ba shi labarin mangwaron ƙofar gidansa, yadda ya yi 'ya'ya bana har reshe ya karye. Ya ce masa in akwai abin da ya taɓa yi masa a tsawon zamansu, ya yafe masa, shi kam ya yafe. Jamil ya fita waje ya tsaya. Har aka kira azahar Gabriel bai buɗe ido ba.

Washegari da safe Esta ta kira ta ce Allah ya yi masa cikawa.

An kawo gawar Minna. Ndaman ya je maƙabarta cikin farar riga, ya tsaya a gefe yayin da mutanen coci ke waƙoƙinsu, da aka zo rufewa shi ma ya zuba ƙasa da hannunsa.

A hanyar dawowa, a cikin Keke, Muniratu ta kasa riƙe abin da ke cinta.

"Baba, da ban manta igiyar nan ba, da kun same shi a farke."

Ndaman ya juyo ya dube ta. Keken ya wuce shataletale, ya shiga layinsu.

"Ke kika ƙona taransifoma?" ya ce a hankali. "Ki bar wannan magana. Yana barci, amma na gan shi. Wasu ko haka ba su samu ba."

Suka sauka a ƙofar gida. Ya ce ta shiga ta huta, shi zai tsallaka ya zauna da masu karɓar gaisuwa.