Abin da Aka Bari a Kan Allo

Yara na kiransa Malam Wa-ya-faɗa, domin ko cewa ka yi masa ana ruwa a waje sai ya tambaye ka wanda ya shaida maka. Shi ke koya wa manyan azuzuwan safe yadda ake neman bayani da yadda ake tantance shi. Makarantar ta yi wa ɗalibanta kaɗan, shi ya sa ake karatu kashi biyu: 'yan safe su tashi, 'yan rana su zauna kan bencinan tun ba su huce ba.

Akwai wani wasa da yake yi wa ɗalibansa. Sai ya cika allo da maganganu na gaskiya, ya cusa guda ɗaya da shi ya ƙirƙira, ya raba yara rukuni-rukuni su shiga ɗakin karatu su zaƙulo ta ƙaryar. Wata rana, a ɗaya daga cikin azuzuwansa, ƙaryar da ya rubuta ita ce: masana sun gano cewa ƙugin injin aski yana girgiza ƙwaƙwalwar yaro, karatun da ya yi ya riƙa zubewa. Yara suka gano ta, aka yi dariya, aka kaɗa ƙararrawa. Malam ya kwashi takardunsa ya fita bai goge allon ba.

Ana daf da jarrabawa ya ba wani ajin nasa aikin da yake kira bin sawu. Kowane ɗalibi zai ɗauki wata magana da ke yawo a unguwa, ya tambayi wanda ya faɗa masa a ina ya ji, ya tafi can ya sake tambaya, har ya kai bakin da ta fara fitowa. Kowa ya zo teburinsa ya faɗi wadda ya zaɓa. Daga ƙarshe wata doguwar yarinya da ake ce wa Tsinke ta matso. Ubanta ne mai askin da ke hayar shago a kan titin makarantar.

"Malam, ni maganar inji zan bi," in ji ta. "Wai yana zubar wa yara karatu. Iyaye sun daina kawo 'ya'yansu. Baba yini yake yana goge madubi, har ya fara cewa zai mayar wa mai shagon makullinsa."

Malam ya gane maganarsa nan take, kamar yadda mutum ke gane takalminsa a cikin tarin takalma. Ya gaya wa kansa cewa in ya faɗa mata yanzu ya ɓata mata darasi, gara ta iso da ƙafarta. Bai tsaya ya bincika ko wannan ne ainihin dalilinsa ba.

"Ki bi ta," ya ce. "Kada ki tsallake kowa."

Da ya koma gida ya tarar da ɗansa Auta a tsakar gida yana fama da lissafi, suma ta taru masa kamar sheƙar tsuntsu. Malam ya daɗe yana ganin sumar nan, yau ne kawai ya tambaya.

"Maman Auta, yaron nan gandun daji yake nomawa a kansa?"

"Sai bayan jarrabawa," in ji matarsa, tana shanya kaya a igiya. "Ɗan abin da ya shiga kan nan da ƙyar ba zan bari inji ya kakkaɓe shi ba."

"Wa ya faɗa miki?"

"Kada ka fara mini, ni ba 'yar ajinka ba ce. A makarantarku ma aka koyar."

Ya ce mata ƙarya ce, shi ya ƙirƙira don wasan aji. Ta dube shi, ta matse rigar da ke hannunta.

"To, ko da wasa ka faɗa, ai ba a rasa ƙamshin gaskiya. Kai da ba ka magana sai da hujja."

Ranar da aka kawo sakamakon bin sawu, wasu sun tsaya a hanya, wasu maganarsu ta ɓace a cikin waya, inda kowa ke cewa turo masa aka yi. Tsinke ta fito gaban aji ba ta riƙe da komai. Ta ce ta fara da maƙwabciyarsu wadda ta janye 'ya'yanta. Ita a wurin tela ta ji. Tela ya ji a bakin wani direba, kuma a bakin direban har an ƙara cewa wani yaro ya manta sunansa. Direban ya ce ƙanwarsa ce ta zo da maganar daga makaranta, 'yar ajin rana ce.

"Na same ta," in ji Tsinke. "Ta ce ranar malaminsu ya makara. Kun san 'yan rana, duk abin da suka tarar a allo kwafewa suke yi su haddace, don kada a tambaye su. Monita ya ce a kwafa, suka kwafa. Na ce rubutun wa? Ta ce na malamin nan mai jan wutsiyar harafi har ƙasa."

Kowa ya dubi allo, inda kwanan watan ranar ke rubuce da dogayen wutsiyoyi.

"Saura mutum ɗaya ban tambaya ba," ta ce. "Malam, kai wa ya faɗa maka?"

"Ba kowa. Ni na ƙirƙira."

"Ranar da na zo teburinka, ka sani?"

"Na sani."

Ta gyaɗa kai ta koma wurin zamanta. Ya ba ta maki mafi yawa a ajin, ita kuwa ko kallon takardar ba ta yi ba.

Ya yi abin da ya san ana yi. Ya shiga azuzuwan rana ya yi bayani, suka kwafe bayanin kamar yadda suka kwafe ƙaryar. Ya je wurin tela da direba. Tela ya saurare shi da allura a baki, ya ce, "Allah sarki, Malam, mai askin ne ya roƙe ka ko? Ai taimako yana da kyau." Malam ya tuna shi da kansa ya sha koyar da cewa a yi hattara da shaidar wanda ke da wata manufa.

Sai ya je shagon uban Tsinke ya zauna a kujera ya ce a yi masa aski da inji. Mai aski, gajeren mutum mai furfura a gemu, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya ya ja ƙullin da ɗan ƙarfi.

"Malam, da ka rasa abin ƙirƙira sai injina? Ba ka ga jirgin sama ba? Ba ka ga wata da taurari ba? Su ba su da iyali."

"Na yi kuskure, maigida."

"Sunkuyar da kai."

Masu wucewa suka tsaya suna kallo. Mai facin taya da ke maƙwabtaka da shagon ya leƙo ya ce, "Wannan ai ya gama karatunsa, me ya rage da zai zube? A kawo yaro mu gani." Aka yi dariya aka watse.

Washegari da hantsi Malam ya riƙo hannun Auta. Matarsa ta biyo su har bakin ƙofa.

"In yaron nan ya faɗi, ka san inda za ka sa kanka."

Mai aski ya jawo kujera ya ajiye ta a bakin shago inda duk titi zai gani. Ya ɗora katako a kan hannayenta don yaron ya yi tsawo, ya kunna inji. Suma ta riƙa faɗowa kan ƙyalle dunƙule-dunƙule. Auta ya runtse ido.

"Baba, in na manta jadawalin bakwai fa?"

"Dama ka iya shi ne?" in ji mai aski.

Mata biyu da ke dawowa daga kasuwa suka tsaya. Ɗayar ita ce maƙwabciyar da ta fara janye 'ya'yanta. Ta kalli kan yaron har aka gama, ta gyara kayan da ke kanta.

"Ɗan Malam ne da kansa," ta ce wa 'yar'uwarta. "To, mu ga sakamakonsa. In ya ci, zan kawo nawa."

Tsinke na tsaye a ƙofar shagon da tsintsiya. Da matan suka wuce ta matso kusa da Malam, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada ubanta ya ji.

"Malam, kai ka ce yaro ɗaya ba hujja ba ne. Ko ya ci ko ya faɗi, ba ruwan inji."

"Haka ne."

"To me ya sa ba ka gaya musu ba?"

Malam ya dubi mai aski, wanda ke busa gashi daga haƙoran injinsa yana ɗan waƙa a ciki, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Tsinke ta jira kaɗan, sannan ta sunkuya ta fara share sumar.

Da la'asar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zaunar da Auta da sabon askinsa yana ƙyalli, ya ɗauko alli da ɗan allo.

"Bakwai sau shida."

Auta ya shafa kansa ya dubi sama.

"Talatin da... tara?"

Matarsa na bakin ɗaki ta harɗe hannuwa. Malam ya goge allon tas da gefen hannunsa, ya ce su sake daga farko.