Tekun Usta Shahhat

Shekara talatin da huɗu Usta Shahhat ya yi yana tuƙa taram, jirgin ƙasa na cikin gari, a Iskandariyya, daga Ramla zuwa ƙarshen layi. Bai fi wata shida da ajiye aiki ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Allah ya taƙaita, ya miƙe, amma hannunsa na dama ko kofin shayi ba ya riƙewa sai ya zubar. Likita ya ce a samar wa yatsun nan aiki.

Matarsa Sitt Ni'imat ce ta ja shi shagon Madam Tiriz a Manshiyya, inda take sayen kanafa, wato yadin raga mai ƙananan ramuka da ake buga zane a kai, a bi shi da allura da zaren ulu. Madam Tiriz ta zaro masa mai zanen kyanwa da kwandon furanni.

"Da wannan ake farawa, Usta."

"Kyanwa? Ni? Sauko min da wancan na sama."

Wancan kuwa kwafin wani tsohon zane ne da ke gidan adana zane-zane na birnin: masunta bakwai suna jan taru a bakin teku. Faɗinsa ya kai ƙofar kabad.

"Ko matarka ba ta taɓa ɗaukar irinsa ba," in ji Madam Tiriz.

"Shi ya sa nake so."

Sitt Ni'imat ta harare shi, amma ta koya masa. Makon farko allura ta fi zama a ƙasa fiye da hannunsa. Da ya iso wurin ruwa sai ya tsaya. Shuɗi kala biyu kawai aka buga, shi kuwa da ya shekara yana hango teku ta tagar taram bai taɓa ganinsa haka ba. Ya sa rigarsa mai kyau, ya tafi gidan zane-zanen a karo na farko a rayuwarsa. Ya daɗe a gaban zanen na asali har mai gadi ya kawo masa kujera. Daga can ya wuce Manshiyya.

"Madam, an ha'ince mu. Akwai kore kala biyar a ruwan nan, da toka-toka, har da ɗan ja a gindin kwalekwale."

"To ai sai ka bi abin da aka buga."

"Wanda ya buga bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba. Buɗe min akwatin zare."

Da aikin ya kankama ya fara zuwa da shi shagon shayin unguwa. Abokinsa Bayyumi, tsohon masunci, ya buga domino a tebur yana ƙyaƙyata dariya.

"Jama'a, ku zo ku ga amarya tana haɗa kayan ɗaki! Usta, kanafa ce ko kunafa? In ta ci ce a yanko mana."

"Ci kanka, tsohon banza. Kai da ko maɓallin rigarka sai an ɗinka maka."

Wata tara ya yi a kai. Sau biyu yana warware sararin sama gaba ɗaya. Ranar da ya karɓo shi daga wurin mai firam, da hannun daman ya ɗauko shi, bai bari kowa ya taya shi ba. Ya jingina shi a bangon shagon shayin, ya yaye takardar.

Bayyumi ya taso, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Wannan ruwan safiyar bayan hadari ne," ya ce a hankali. "Irin ran nan kifin sardina yake shigowa. Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya min. Gani na yi."

"'Yata za ta tare a watan gobe. Ka ba ta shi, Usta, don girman Allah."

"Ita sai dai na yi mata kyanwa."

Aka kwashe da dariya, har shi Bayyumin. Mai shagon ya roƙa a bar shi a bango ko da na mako guda ne. Usta Shahhat ya yarda, ya ja kujera ya zauna a ƙarƙashinsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Duk wanda ya matso da shisha sai ya ɗaga masa yatsa.

"Can baya, ɗan'uwa. Hayaƙi yana ɓata ulu."