Kwamfutar da Gaisuwa Ta Cika wa Ciki

A shekarar 1987, a wani kamfanin jimar fata da ke Challawa, da ido ake auna maganin jima. Foman ya ɗiba da gwangwani ya watsa a rami, in fatu sun ƙone a ce haka Allah ya so. Wannan magana ita ke tafasa wa Uwaisu, ƙaramin ma'aikaci a kamfanin, zuciya. Ina ruwan ƙaddara da gwangwani?

Uwaisu ya gama makarantar fasaha, kuma yana da 'yar kwamfuta a gidansu a Dorayi, irin wadda ake jonawa da talabijin, ana ajiye aiki a kaset. Ya tsara shirin da za a gaya wa nauyin fatu ya faɗi adadin magani. Manaja ya yarda a gwada ranar Asabar, amma sai in Malam Gwadabe, dattijon foman ɗin, ya amince. In ya ƙi, an binne maganar.

Yayarsa Zaituna, mai buga tafireta a wani ofis a Bompai, ita ta karɓi aikin shigar da rubutun shirin cikin kwamfutar. Ranar Juma'a da yamma Uwaisu ya kunna, sai injin ya tsaya cak: ƙwaƙwalwa ta cika.

Ya bi layukan yana dubawa. Ashe kafin kowace tambaya Zaituna ta ƙara gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki. Kafin tambayar fatar akuya gaisuwa, kafin ta tunkiya ma haka, har da sannu da ƙoƙari.

"Yaya, wannan ba gidan suna ba ne. Ƙwaƙwalwar ba ta kai cikin cokali ba, kin cika ta da ina gajiya."

"To goge, Malam Bature. Ka kai wa dattijo akwatin da zai tare shi da 'fata nawa' ko sallama babu. Ka ga in zai zauna."

Ya yi faɗa, ya ce da surutun gaisuwa aka bar mu a baya. Ita kuwa tana ta gyaran zogalenta. Da ya huce, ya ga cewa ba gaisuwar ce ta cinye wuri ba, maimaita ta ne. Sai ya rubuta ta sau ɗaya a ƙarshen shirin, duk inda ake bukata a kira ta. Ya gajarta sunayen ma'aunai, ya cire zanen raƙumin da shi da kansa ya ƙawata farko da shi. Wuri ya samu, har da saura.

Ranar Asabar suka ɗora talabijin a kan benci a bakin ramuka. Rubutu ya fito, Uwaisu ya karanta. Malam Gwadabe ya gyara hula ya amsa da ƙarfi, lafiya lau, ba gajiya, iyali suna godiya. Ma'aikata suka fashe da dariya.

Da adadin magani ya fito, tsohon ya jinjina gwangwaninsa, ya ce ya yi kaɗan. Ya sake duban talabijin ɗin.

"Amma yana da ladabi. A ba shi rami ɗaya mu gani."

Uwaisu ya so ya ce duka ramukan, ya haɗiye, ya tafi ɗauko sikeli.