Sati Shidan Likita

Babanmu tela ne. Shekara talatin da ɗoriya yana taka keken ɗinki, kuma ban taɓa ganin ya ba mutum kayansa ranar da ya yi alkawari ba. Idan ya ce jibi, mai hankali sai ya dawo bayan sati biyu. Masu kawo masa ɗinki sun san haka, ba sa fushi, don hannunsa yana da kyau.

Ƙafarsa ta dama ce matsalar. Tun wani targaɗe da ya yi a ƙofar shago, idon sawun ya daina riƙe amana. Ya taka tsakuwa ya gurɗe, ya taka bakin tabarma ya gurɗe. Wata rana yana tsaye yana auna kafaɗar wani, sai ga shi a ƙasa da tef a hannu. Da ƙyar na ja shi asibiti.

Likitan ƙashi ya juya ƙafar, ya duba hoto, ya ce jijiyoyin da ke riƙe gaɓar sun saki. Sai an yi tiyata, a ja su, a ɗinke a jikin ƙashi. In ba haka ba, ya yi sallama da keke.

Baba na jin an ce ɗinki ya gyara zama. Ya tambayi irin zaren, ya tambayi ko layi biyu ake bi. Sannan ya ce, "To, ɗana, ka bar mini ɗan sarari a ciki, ko zan yi ƙiba."

"Baba, ai sararin ne ya kawo ka nan," in ji likita.

Aka yi aiki lafiya, aka ɗaure ƙafar cikin wani ƙaton takalmi mai tauri. Likita ya ce a dawo bayan sati shida cif, a cire, a fara motsa gaɓar, don kada ta sandare. Ya rubuta ranar a kati ya ba ni.

Ranar ta zo, na shirya, na tarar da Baba a kan doguwar kujera da rediyo a kan cikinsa.

"Baba, tashi mu je."

"Ina?"

"Asibiti mana. Yau sati shida."

Ya dube ni da tausayi. "'Yar nan, a gidan tela kika tashi amma ba ki koyi komai ba. Mai ɗinki ya ce miki sati shida, sai ki je masa ranar? Kunya za ki ba shi. Yaron kirki ne, a bar shi ya numfasa."

"Ɗinkin yana cikin ƙafarka, Baba. An gama tun tuni."

"Haka muke cewa dukkanmu."

Na yi faɗa, na yi roƙo, na haɗa shi da Umma. Ita kuwa cewa ta yi tun aurensu take jiran ya rage mata hannun wata riga, kada in ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Sai da ya ƙara sati biyar, ya ce yanzu an mutunta likita.

Likitan bai ji an mutunta shi ba. Da aka cire takalmin, ƙafar ta rame, gaɓar ta ƙi lanƙwasawa ko kaɗan. Ya ce jijiya ta kama da kyau, amma yanzu sai an yi wata uku ana gashi da motsa jiki, kuma bai yi alkawarin za ta dawo duka ba. 

Da muka fito, Baba ya sa na biya da shi shago. Ya yaye ƙyallen da ke kan keken, ya zauna, ya ɗora ƙafa. Keken ya yi rabin juyi ya koma baya, zare ya tsinke. Ya sake gwadawa, haka. Duk haushinsa da nake ji sai ya narke, tausayi ya kama ni, na kau da kai.

Ya daɗe yana kallon yadin mutane a kan kanta, sannan ya miƙo mini wayarsa.

"Kira su ɗaya bayan ɗaya. Ki ce wata uku. Ki ce na ce ran da ya cika, ranar za su karɓa."

Na fara da wani direba, mai kaftani biyu. Na faɗa masa, Baba yana ji.

Direban ya yi dariya. "Wata uku ya ce? Allah ya ba shi lafiya. Ki gaishe shi, ki ce sai na zo baɗi."