Tagar Kawu Habou

…a'a, Qt, manhajar nan ta ƙera wa shiri taga, ba za ta yiwu ba. Sau biyu na gwada. Tsohuwar kwamfutar tashar Djougou, wadda na ɗora wa Linux da hannuna don ta ƙara shan iska, da ta buɗe Qt sai ta kama nishi kamar motar kamyo a hawan tudu. Electron kuwa — kada ma a fara. Taga ɗaya nake nema a fuskar kwamfuta. Wurin rubuta suna, maɓalli biyu: ya shiga layi, ya yi lodi ya tashi. Shi ke nan.

Ɗan shirin da na rubuta da Python lafiyarsa lau. Fuska ce ba shi da ita. Kai kuma, Kawu Habou, ba za ka zauna gaban baƙin allo kana buga umarni ba…

Litinin. Ƙungiyar direbobi ta ce daga Litinin layin motoci a na'ura yake. Wanda bai iya ba ya ba mai faransanci kujera. Shekara talatin kana riƙe da layin nan da ajami, ba direban da ya taɓa cewa an tsallake shi — yanzu a tashe ka saboda taga? Ba da raina ba.

Tkinter na fara ɗauka. Mara nauyi, ba ta cin komai, awa biyu na gama. Na hau mota daga Parakou ina jin kaina. Na buɗe maka, na liƙa baƙaƙen Larabci a kan maɓallan rubutu, ka buga sunan direba Dogo da yatsa ɗaya, ka gyara tabarau…

"Rahmatu, wa ya tsinke wa baƙaƙen nan zare? Ga su warwatse kamar carbin da ya faɗi, kuma sun juya wa gabas baya."

Direbobi suka yi ta dariya. Awalu har da riƙe ciki: "Madam injiniya, na'urarki ba ta yi makarantar allo ba."

To. A hankali. Ɗaya bayan ɗaya, kamar kullum. Tkinter ba ta haɗa baƙaƙe, ta fita. Qt nauyi, ta fita. Saura GTK — tana cikin na'urar tun asali, ba sai na sauko da komai da intanet ɗin can mai rarrafe ba. Zenity ma, mai fito da ƙananan tagogi ɗaya-ɗaya, a kanta take, amma taga ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe? Za ka ce aljanu ne. GTK kai tsaye. Rubutun shirin zai fi tsawo, in yi. Yau Asabar, rana ba ta ko karkata ba, masu zem, baburan haya, na ta oda a titin Ladjifarani nan Parakou… akwai lokaci.

Manyan baƙaƙe, saboda idonka. Daga dama zuwa hagu. Ga hoton shafin littafinka a wayata, in kwafa suna ɗaya in gani.

Baƙaƙen sun haɗu. Sun kama hannun juna, layi ɗaya, kyakkyawa.

Amma wannan ɗigon — a sama yake ko a ƙasa? A littafinka kamar ƙasa. Wane suna ma na kwafa? Awalu ne, ko…

Shekara tara gare ni aka ɗauke ni daga allo aka kai ni lakwal. Na iya gaya wa na'ura ta rubuta. In karanta abin da ta rubuta…

Motar Djougou gobe ƙarfe bakwai na safe. In zo in zauna a gefenka, Kawu. Kan tabarma, ina jin. Daga alif.